Kwana bakwai da kod ɗina bai san da su ba

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a, aka sake mu IT, wato koyon aiki, na wata shida. Abokaina duk suka watsu, wasu Kano, wasu Abuja, kowa na ɗora hoto da kati a wuya yana shan ƙamshi. Ni ba ni da kowa a can, sai na tattara laftof ɗina mai fasasshen gefe na bi yayata. Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ɗan ƙaramin asibiti, ɗaki uku da baranda, a wani ƙauye kan hanyar Katagum in ka fito daga Azare. Da aka tambaye ni a guruf ina nake IT, cewa na yi ɓangaren lafiya. Ai ban yi ƙarya ba.

Aikin da ya fi cin ran yayata shi ne na allurar ƙyanda. Sai yaro ya cika wata tara ake yi masa. Asibitin ba firij, don haka sau ɗaya a wata ake kawo allurar daga Azare cikin akwatin ƙanƙara. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, kuma in an buɗe ta ba ta kwana, abin da ya rage zubarwa ake yi. Shi ya sa Hajiyar da ke riƙe da siton allura a Azare ba ta sakin kwalba sai ta ga jerin yara, kowanne da ranar haihuwarsa, da sa hannun mai asibiti a ƙasa. Yaran da aka haifa a asibiti ba matsala, suna cikin rajistar yayata. Waɗanda aka haifa a gida su ne aiki, musamman na rugagen Fulani da ke kewaye da garin. Su ba su da wata takarda a duniya sai littafin Liman, wani katon littafi mai baƙin bango da yake rubuta jarirai a ciki da ajami, da watannin Musulunci. Duk wata sai yayata ta je ta zauna da kalanda tana ƙirga da yatsa, ta yi rabi ta gaji, sauran ta bar wa iyaye mata su tuna.

Ina ganin haka na ce, Yaya, an wuce wajen, ga injiniya a gida. Na je na ɗauki hoton littafin shafi shafi da wayata, na dawo na buga shi kaf da manyan yatsu biyu cikin kwana uku. A fagen buga rubutu a waya dama ba a ja da ni. Ajamin ma karatun allo ya taimaka, ko da yake da ɗingishi.

Waɗanda ba 'yan kod ba ku ɗan yi haƙuri, ba zan daɗe ba. Kwamfuta ba ta san "bakwai ga watan azumin tsofaffi" ba. Sai ka rubuta mata wani ɗan kod da zai karanta rubutun ya mayar da shi kwanan wata irin wanda take ganewa, shi ake ce wa parser. To ni rubutu iri biyu ne a gabana, na yayata da na Liman. Maimakon in rubuta komai sau biyu, sai na yi abin da aka koya mana a aji biyu. Na gina babba guda ɗaya, base class, na zuba masa aikin da kowa ke buƙata: ya share tarkacen rubutu, ya ƙi karɓar ranar da ba ta zo ba tukuna, ya miƙa amsa a ƙarshe. Na sa masa suna Uba. Sai na haifa masa 'ya'ya biyu, kowanne ya gaji duk abin da Uba ya iya, ya ƙara da nasa salon karatu. Ɗan Boko na karanta rajistar yayata, rana, wata, shekara. Ɗan Hijira na karanta littafin Liman, ya san cika-ciki, ya san sha ruwan tsofaffi, ya san bawan salloli, ya juya su zuwa watan bature.

Har da wata dabara da na fi ji da ita. Kun san wani lokaci kalanda ta ce yau ɗaya ga wata, amma ba a ga wata ba sai gobe. To Liman ba ya rubuta kwanan wata sai ya haɗa da ranar mako, Talata bakwai ga wata kaza. Sai na sa Ɗan Hijira in ya gama juyawa ya duba ranar makon, in an sami saɓanin kwana ɗaya ya gyara da kansa. Na gwada a kan yara biyar da iyayensu mata suka tuna ranar da suka haihu, wannan ta ce Laraba, waccan ta ce Asabar. Duk biyar ɗin ya ci. Ranar har sitatus na sa, da hoton sikirin, na rubuta "babban yaro".

Allurar wannan watan ba kamar ta kullum ba ce. An gama girbi, shanu sun cinye kara, Fulanin rugage za su tashi su yi kudu ranar Alhamis, ba za su dawo ba sai damina. Allura Laraba. Duk yaron da ya kuskure wa Larabar nan, haka za a goya shi a tafi da shi, ya yi rani a hanya, lokacin da ƙyanda ta fi yawo.

Ranar Litinin na danna, kod ya fitar da jerin yaran da za su cika wata tara kafin Laraba. Yara tara.

Yayata ta duba ta ce, "Tara kacal? Ni fa ina ganin sun fi haka."

Na ce, "Yaya, ido daban, injin daban. Injin ba ya ganin-ganin."

Ta sa hannu. Muka ɗauki hoto muka tura wa Hajiya. Tara bai kai goma ba, kwalba ɗaya ke nan. Aka ba wani mai mashin sunayen ya zaga rugage ya sanar.

Talata da safe, wajen tara da rabi, ba marasa lafiya, muna baranda muna shan kunu. Ɗan yayata, lokacin ya kusa shekara biyu, yana ta jan igiyar cajata. Shi a babban asibiti a Azare aka haife shi, da tiyata, don haka ba ya cikin rajistarta, ta littafin Liman ya shigo min. Sai burga ta motsa. Na ce bari in nuna mata ɗanta a cikin injin. Na nemo shi, na juya mata laftof, ga ranar haihuwar oga.

Ta karanta. Ta ajiye kofin kunu ta sake karantawa.

"Wannan wace rana ce?"

"Ranar da kika haife shi mana."

"A'a."

"Yaya, wata ne kawai ya..."

"Ranar nan ina zaune a gida da lalle a ƙafata, gida cike da mata. Kai kuma kana zarya tsakanin tsakar gida da banɗaki saboda naman rago. Ranar suna ce wannan. Sati ɗaya ke nan da haihuwarsa."

Ni ma na ajiye kofina. Nan take na gane abin da ya sa gwajina ya ci biyar cikin biyar. Wanda aka haifa Laraba, Laraba mai zagayowa ake raɗa masa suna. Ranar makon ɗaya ce. Dabarar tawa da na yi wa sitatus ita ta rufe min ido. In dai haka duk littafin yake, to kowane yaron da ya fito daga ciki na rage masa kwana bakwai a duniya. Wanda ya cika wata tara a makon nan, a wurin kod ɗina sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa kuwa suna can sun yi nisa.

Yayata ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Waya kawai ta ɗauka ta kira Hajiya, ta sa a sifika. Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, jerin jiya akwai gyara. Ina ganin za mu buƙaci kwalba ta biyu."

"Kina gani, ko kin tabbata?"

"Muna dubawa yanzu."

"Ke kika sa hannu jiya, ko wani ya sa miki?"

"Ni ce, Hajiya."

"To ki ji. Mota na tashi ƙarfe goma sha biyu, asibiti biyar za ta zaga, ba ku kaɗai ba ne. Watan jiya wata ta karɓi kwalba biyu ta buɗe wa yara uku, ni aka ba takardar tuhuma. Ki turo min sunaye da ranaku kafin sha biyu, in gani da idona. In ba su zo ba, ɗaya na sa, ɗaya za ta zo."

Ta kashe. Agogon bango ya ce goma saura kwata. Yayata ta dube ni ta ce, "Injiniya, tashi. Kafin ka taɓa komai, je ka tambayi mai littafin. Abin da ya kamata ka yi tun farko."

Na zura silifas na ruga. Na tarar da Liman a ƙofar gida yana saƙa zana, ya danne gefe ɗaya da ƙafa. Na durƙusa. Kun san gaisuwar dattawa ba a yi mata tsallake, sai da muka bi ta kan gajiya, da iyali, da mutanen Azare, da mahaifiyata.

"Allah gafarta Malam, tambaya ce da ni kan littafin nan. Ranar da ake rubutawa, ta haihuwa ce ko ta suna?"

Ya ɗago ya dube ni kamar na tambaye shi ko azahar raka'a huɗu ce.

"Ni ina ruwana da ɗakin haihuwa? Wannan ai na mata ne. Abin da na halarta nake rubutawa. Ranar da na raɗa wa yaro suna, ranar yake shiga littafi. Kafin nan ma da wane suna zan rubuta shi?"

"Duka haka ne, Malam? Tun daga farko?"

"Tun zamanin mahaifina. Da ka zo kana ta haska shi da waya, na ɗauka ka sani. Ba ka tambaya ba."

Na yi godiya na miƙe. Har na kai bakin hanya sai na ji muryarsa a bayana.

"Na jan alƙalami kuma ka san nasu daban ne ko?"

Na dawo a hankali. Na ga jan rubutu a littafin mana, nan da can. Na ɗauka baƙin biro ne ya ƙare masa.

"In uba ba ya nan, ko ruga ta yi nisa ba a samu an taru ba, sai a ɗaga sai sati na biyu. Su nake sa wa ja, don in an zo tambaya in tuna. Kwana goma sha huɗu ke nan."

Na koma asibiti goma da kwata ta wuce. Na gaya wa yayata. Ta ciro kalandar bango, ta karɓi wayata ta buɗe hotunan shafukan da suka shafe mu, ta zauna a tebur da biro. Ta ce ita za ta ƙirga da hannu, ni in yi da injin, in ba su zo ɗaya ba ba za ta sa hannu ba. Na buɗe laftof. Caji ashirin da ɗaya. Wuta kuwa tun shekaranjiya ba a kawo ba, kuma batirin nan nawa in ya ce ashirin, goma yake nufi.

Nan na tafka kuskure na biyu. Na ce abu mai sauƙi ne, a cire kwana bakwai. Ina ne wuri mafi sauri? Wurin da ake miƙa amsa a ƙarshe, wato cikin Uba. Layi ɗaya na ƙara, na danna. Jerin ya tashi daga tara zuwa goma sha takwas. Na ce, Yaya, ga shi, ya fito.

Ta matso ta bi da yatsa. A na shida ta tsaya.

"Wannan a hannuna aka haife shi, a ɗakin can. Bai kai ba, saura kwana biyar. Wannan ma. Me ya kawo su?"

Abin da ya kawo su shi ne gado. Na sa wa Uba cire kwana bakwai, duk 'ya'yansa suka gada, har da Ɗan Boko da ba ruwansa, wanda ranakunsa daidai suke tun farko. Na gyara littafin Liman na ɓata rajistar yayata.

Sai shaiɗan ya raɗa min wata. Na ce, "Yaya, ko sha takwas ko sha biyar ai duk kwalba biyu ce. Mu tura haka kawai, in ya so a gyara daga baya."

"Kwafin rajistata na wurin Hajiya. Sunaye biyu za ta ɗauka ta duba. In ta ga na canza wa yaron da na karɓa da hannuna ranar haihuwa, ba kwalba ta biyu ba, ta farkon ma sai na yi bayani. Gyara."

Sha ɗaya saura minti goma. Caji goma sha uku. Kaina ya ƙulle gaba ɗaya, ina kallon kod ɗin da ni na rubuta kamar na wani ne. Na ari wayar yayata na kira abokina, ɗan ajinmu da ke IT a wani shagon kwamfuta a Azare. Shi ne irin waɗanda ba sa magana a aji amma in sakamako ya fito ka gan su a sama. Na zazzage masa komai cikin numfashi ɗaya.

Ya ce, "Tsaya, baaba. Uban ka taɓa?"

"Layi ɗaya ne fa."

"Layi ɗaya a jikin Uba ai layi ɗaya ne a jikin kowa. Cire shi yanzu, ina ji."

Na cire.

"To in sa a Ɗan Hijira?"

"Kar ka soma. Shi aikinsa juya wata, kuma yana yi daidai. Gobe wani ya kawo maka takarda da watan Musulunci wadda ranar haihuwa ce ta gaskiya, ka ga ka sake kwafsawa. Matsalar ba ta wata ba ce, ta littafin Malam ce. Ka haifa wa Ɗan Hijira ɗa. Ya gaji komai, ya bar ubansa ya gama karatu, shi kuma ya karɓi amsar ya ja da baya. Layi biyar ne, ko kai za ka iya."

"Na jan biron fa?"

"Sa musu alama a data. In ya ga alama sha huɗu, in babu bakwai. Katin Yaya kake ƙonawa, kashe."

Sabon ɗan na sa masa suna Jika. Ban taɓa rubuta kod da sauri irin na ranar ba, kuma ban taɓa karanta layi biyar sau huɗu kafin in danna ba sai ranar. Yayata ta karanto min na jan biro daga hotuna, su huɗu ne a shafukan da muke buƙata, na sa wa kowanne tauraro a gaban suna. Na nuna wa kod cewa duk abin da ya fito daga littafin Liman, Jika ne zai karanta. Kafin in nemi jerin, sai na fara neman ɗan yayata. Ranar ta fito. Na juya mata. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta koma kan kalandarta.

Na danna. Goma sha shida. Taran jiya, da biyar na sati ɗaya, da biyu daga na jan biro. Sha ɗaya da minti ashirin da biyar, caji shida.

Na ce, "Yaya, sha shida."

"Ban gama ba."

"Laftof zai mutu fa."

"To kwafe a takarda."

Na kwafe sunaye da ranaku da biro, rubutuna kamar na likita. Ina kan na goma sha biyar sikirin ya dushe, na rubuta na ƙarshe ina kanne ido, sai ya ɗauke. Daga nan ba abin da ya rage sai zama. Ina kallon agogo, ina kallon yatsanta yana tafiya kan kalanda, bakinta na motsi. Wata mata ta shigo da yaro mai zazzaɓi, yayata ta ce ta zauna minti biyar, ba ta ko ɗago ba. Ɗanta ya zo ya hau cinyata, ban ma san ya hau ba sai da ya ja min kunne.

Sha biyu saura kwata ta ajiye biro. Ta ce in karanto nawa, tana sa alama a nata. Ɗaya bayan ɗaya. A na goma sha ɗaya muka sami saɓanin kwana ɗaya, ta sake ƙirgawa ta ce ita ce ta tsallake layi. Sha shida da sha shida. Ta sa hannu.

Netiwok ɗin garin kira yake ɗauka, hoto kuwa sai ka hau tudun da ke bayan asibiti kusa da famfo. Na ruga can da wayarta, na ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho. Da'irar nan ta yi ta juyawa. Matan da ke ɗiban ruwa suna kallona, wata ta ce ko aljanu ne. Saura minti bakwai ya tafi. Na sauko da gudu, yayata ta kira.

Hajiya ta ce, "Jiya tara, yau sha shida. Bakwai ɗin daga sama suka faɗo?"

"Ranar suna muka ɗauka a matsayin ranar haihuwa, Hajiya. Kuskurenmu ne."

Kuskurenmu ta ce. Ban manta ba.

Muka ji ana buɗe takardu. Hajiya ta kira suna ɗaya daga na rajista, yayata ta faɗi ranar. Ta kira wani, ta faɗa. Muna jin ƙarar injin mota a bayanta, da wani yana cewa Hajiya rana na yi.

"Zan sa ta biyun. Amma in kika buɗe min ita kika yi wa yara biyu, da hannunki za ki rubuta bayani."

"Na ji, Hajiya. Allah ya saka."

Ni dai zama na yi a ƙasan baranda. Yayata ta wanke hannu ta kira mai yaron zazzaɓi kamar ba abin da ya faru. Da la'asar akwatin ƙanƙara ya iso, na buɗe na leƙa sau biyu don in tabbata biyu ne. Aka sake tura mai mashin rugage da sababbin sunaye bakwai.

Laraba baranda ta cika, ƙwaryar nono a jere a gindin bishiya, kuka ta ko'ina. Ni ke kiran suna. Yara goma sha biyar aka yi wa. Ta goma sha shida na kira sau uku ba amsa. Yarinya ce, ɗaya daga na jan biro, daga rugar da ta fi nisa. Wata dattijuwa ta ce ai su sun tashi tun jiya da sassafe, ba su jira Alhamis ba. Mai mashin ya ce ranar Litinin ya je har ƙofar bukkarsu, uwar ta fito ta tambaye shi tata fa, ya duba takarda ya ce ba ta ciki, ba ta kai ba. Takardar da na buga ke nan. Da sunanta na ciki da sun jira kwana ɗaya.

Yayata ta rubuta ɗan kati ta ba wani ɗan uwansu da zai bi bayansu, ta ce duk asibitin da suka gani a hanya su nuna. Ba mu san ko ya kai ba. IT ya ƙare, na koma makaranta, na samu maki mai kyau, malaminmu har ya nuna wa 'yan aji yadda na tsara Uba da 'ya'yansa. Ni kuwa duk sati sai na kira yayata, mu gama hira in ce, sun dawo? Ta ce tukuna. Da aka shiga zafi na ji ana maganar ƙyanda a wasu garuruwa, na daina buɗe irin waɗannan labaran. Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan ba, amma na san ranar haihuwarta da ka, ta gaskiyar.

Sai da ruwa ya sauka, ina cikin lacca, saƙon murya ya shigo daga yayata. Na sa abin kunne na saurara ƙasa ƙasa. Ba magana, sai ihun yarinya, irin ihun da ake yi in allura ta shiga, da muryar wata mata tana lallashi da Fulatanci. Can ƙarshe yayata ta ce, "Injiniya, ga ta sha shidanka. Katin bai kai ba, amma lafiyarta ƙalau, har tana tafiya." Na sake kunnawa, na manta cewa na riga na cire abin kunne, ajin gaba ɗaya ya ji. Malamin ya ce in fita. Ban taɓa fita daga aji da farin ciki irin na ranar ba.

Yanzu aikin kod nake yi, kuma parser na kwanan wata na rubuta sun fi a ƙirga. Har yau da Uba nake farawa, amma na ƙara masa sharaɗi ɗaya: duk ɗan da zai gaje shi dole ya faɗi ranar mece ce yake karantawa, ta haihuwa, ta suna, ko ta ranar da aka rubuta. In bai faɗa ba kod ɗin ba ya ma tashi. Abokan aiki suna cewa na cika tsanani, kwanan wata ai kwanan wata ne. Ba na musu da su. Ni dai in aka ba ni takarda, kafin in buɗe laftof sai na nemi wanda ya rubuta ta da hannunsa, in gaishe shi yadda ya kamata, in tambaye shi me ya gani ranar da ya rubuta. Tambayar ba ta kai minti ɗaya ba. Ranar da na tsallake ta, wata uwa ta fito ta tambayi mai mashin, aka ce mata 'yarta ba ta kai ba.